Aikin mayar da donkin garinmu kan sola, abin da ake ciki

Juma'a, 24 ga Janairu 2025

Lajnar ruwa, wato kwamitin ruwan garinmu, ta ɗora min rubuta duk abin da ake ciki a aikin nan na mayar da tashar ruwanmu kan sola, saboda 'yan uwanmu na Makka da Jidda da Riyad su suka fi zuba kuɗi kuma haƙƙinsu ne su san inda kowane riyal ya shiga. To bismillah.

Ga wanda bai san wajen ba, muna gaɓar kogin Rahad ne, ƙasar Hawata a jihar Gadarif ta Sudan, kakanninmu hanyar hajji ta kawo su suka zauna suna noman dawa da riɗi da lambu da kamun kifi. Rahad kuwa ba kogi bane mai gudu duk shekara, daga tsaunukan Habasha yake saukowa da damina ya cika ya tumbatsa, kaka na wucewa ya tsinke ya koma tafki tafki, mutum da saniya da jaki duk wuri ɗaya suke sha. Abin da ya raba mu da wannan ruwan shine donki, wato tashar ruwan garin, rijiyar burtsatse da tulumbar da ke cikinta mai jan ruwa da janareta da tankin sama da famfuna. Hukumar ruwa ce ta haƙa tun da daɗewa, mu ke tafiyar da shi mu tara kuɗi mu sayi gas. Kuma ba mu kaɗai ke sha ba, akwai ƙauye na gabas da ke da hafir, wato tafkin da aka haƙa dan tara ruwan sama, in ruwan saman da ya tara ya ƙare sai su dawo kanmu, akwai na kudu da famfon hannunsu ya mutu, ga makiyaya Larabawa da Fulani da ke sauka da rani.

Tun da yaƙi ya ɓarke 15 ga Afrilu 2023 gas ya zama abin da ya zama, yau akwai gobe babu, in akwai ma kuɗin ya fi ƙarfin abin da muke tarawa. Sannan bara da damina mutanen Sinja da Dindir suka gudo, kusan kowane gida ya karɓi baƙi, baki ya ƙaru ruwa bai ƙaru ba. Satin da ya wuce jirgi mara matuƙi ya bugi tashar wuta ta Shuwak, Gadarif da Kassala suka shiga duhu. Mu dama wutar bata iso mu ba, amma kowa ya gane karatun, duk ruwan da ya rataya da abin da ake kawowa daga nesa ana iya yanke shi dare ɗaya. Yau bayan sallar Juma'a aka zauna ƙofar gidan umda, wato hakiminmu, aka yanke, za a sa sola.

9 ga Fabrairu

Muhandis, wato injiniya, ya zo daga hukumar ruwa, Allah ya saka masa, a bayan lori ya zo da kayan awonsa. Wasu a lajna sun so a tafi kasuwa kawai a sayo babbar tulumba tunda kuɗi sun fara shigowa, yace a'a, rijiya ake fara tambaya kafin kasuwa. Ya zura igiyar awo mai ƙararrawa a baki, tana taɓa ruwa tayi ƙara ya rubuta, sannan aka tada janareta aka yi ta ja tun safe har la'asar, shi kuma yana ta zura igiyar yana rubuta yadda ruwan ke sauka, da aka kashe kuma ya zauna da agogo yana duba yadda yake dawowa. Abin da yace shine rijiyar na da rai amma bata son gaggawa, in aka sa mata tulumbar da ta fi ƙarfinta ruwan zai sauka ƙasa da bakin tulumba ta shaƙi iska ta ƙone, ko ta fara jawo yashi. Wannan ya dace da sola ma, tunda ita a hankali take ja tun hantsi har yamma.

Batir kuma yace kar mu saya, tankin sama shine batirinmu, a tara ruwa da rana a sha da dare. Naji daɗin wannan sosai dan batir shine ke cin kuɗi kuma zafin nan namu baya barinsa ya daɗe. Amma tankin na yoyo ta gindi, sai anyi walda.

Baba mai kula da inji, wanda ya fi kowa sanin rijiyar nan, yana tsaye duk yinin bai ce komai ba sai da muhandis zai tafi yace masa, ɗana, janaretan fa kar a sayar. Muhandis yace Baba ai ko kun so sayarwa ni zan hana, ranar hadari shi zaku nema.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Labarin birnin Kosti ya tada min hankali wallahi. An bugi tashar wuta ta Um Dabakir, tashar ruwan birnin ta tsaya, mutane suka koma sayen ruwan da masu karo, wato amalanken jaki, ke ɗebowa kai tsaye daga Farin Nilu, cikin 'yan kwanaki kwalara ta cika asibiti har ana kwantar da mutane a ƙasa. Birni guda kenan mai tashar tace ruwa, ina ga mu. Tun Agustan bara aka sanar da ɓullar cutar a ƙasar nan kuma Kassala da Gadarif na cikin inda ta fara, mun binne mutane a yankin nan, ba labari aka bamu ba.

Dan haka masu cewa a bari sai bayan sallah a ci gaba, dan Allah kuyi haƙuri, ban yarda ba. Duk ranar da donki ya kwana bai yi aiki ba washegari yara na bakin tafki da jarka.

Mun roƙi ma'aikacin lafiya ya koya wa mutum biyu sa kilorin. Ana jiƙa garin kilorin gram 15 a lita ɗaya ta ruwa, a bari ya kwanta, daga wannan ake aunawa a zuba a tanki, a jira minti 30 kafin a buɗe famfo. Akwai ɗan akwatin roba na gwaji, ka cika da ruwan famfo ka jefa ƙwaya ɗaya ka girgiza, ruwan ya koma ruwan hoda, ka ɗaga shi saitin haske ka gwada da launukan da ke gefe. Lokacin annoba ana son ya kai lambar 0.5 ta jikin akwatin a bakin famfo. In ya fito fari fat to ba abin da ya rage a ciki. Mata sun fara ƙorafin wari a shayi, Inna mai kisra tace min ita dai ruwan asibiti bata sha, nace Inna ki zuba a tulu ya kwana warin zai tafi, amma kar ki koma kogi.

14 ga Maris, cikin azumi

Kuɗi sun kai na allunan sola da inbata, wato na'urar da ke karɓar wutar alluna ta tada tulumba, da ita tulumbar, basu kai na bututun da zai kai ruwa ƙauyen kudu ba tukuna. Kusan duk ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, suka shigo, takardar kuɗi kam tun canjin da aka fara a Disamba ta zama abin nema.

Mutum uku suka je Gadarif sayayya tare da muhandis. A shagon farko allunan da aka nuna musu an rubuta wat 550 a baya, muhandis ya sa aka fito da ɗaya rana ya ɗora mita, abin da ya bayar ko kusa bai kai ba, takardar ma manna ta akayi kan wata. Suka bar wajen ba hayaniya. A wani shagon aka gwada kowane allo ɗaya bayan ɗaya kafin a biya, mai shagon har ya gaji da su. Duk mai shirin irin wannan aikin a garinsu, kar ya biya kuɗin allon da ba a auna a gabansa ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Alhamdulillah. Ruwa ya hau tanki yau ba tare da an ƙona ko ɗigon gas ba.

Sai da muka yi gayya tukuna bayan sallah, dan ƙasar nan tamu baƙar laka ce, da rani ta tsage har ƙafar jaki na shigewa, da damina ta kumbura ta ɗaga duk abin da aka dasa mata. In ka kafa ƙarfe sama sama shekara ɗaya zaka ganshi ya karkace. Aka haƙa ramuka masu zurfi, samari suka kwaso yashi da tsakuwa daga cikin kogi a karo, aka zuba kankare. Almajiran makarantar allo su suka yi ta jigilar ruwan kwaɓi. Allunan suna kallon kudu, an ɗan kishingiɗa su kamar digiri 15, an ɗaga su sama yadda awaki ba zasu hau ba, an zagaye da waya, kusoshin kuma an bi su da walda saboda masu dogon hannu. An sa na'urar da ke kashe tulumba in ruwan rijiya ya sauka da yawa, da wata a tanki mai kashewa in ya cika.

Wajen ƙarfe tara na safe mai haɗawa ya murɗa makunni. Ba ƙara ba hayaƙi, sai lambobi na hawa a fuskar inbata. Mutane suka yi cirko cirko dan mun saba sai ƙasa ta girgiza muke sanin ana jan ruwa. Baba mai inji ya je ya kara kunnensa jikin bututun da ke hawa tanki, ya ɗan jima, sai ya ɗago yace yana tafiya. Can muka ji yana zuba cikin tanki, mata suka saki guɗa, liman yayi addu'a, har da 'yan uwa na Saudiyya aka sa a ciki suna da suna.

25 ga Afrilu

Wannan zaman shi ne mafi zafi tun da aka fara, kuma ina so na Saudiyya su karanta shi da kyau dan maganar ta shafe su.

Tun ranar da ruwa ya hau ake ta cewa tunda rana kyauta ce ruwa ma ya zama kyauta, wasu ma cewa suke ai 'ya'yanmu sun biya sadaka ce mai gudana wa zai sayar da sadaka. Na fahimci masu faɗin haka, mutane na cikin matsi, gida ɗaya na ciyar da gida uku. Amma na tashi nace, rana kyauta ce, tulumba ba kyauta bace. Ranar da ta ƙone ko inbata ta mutu, ko tsawa ta faɗa, wa zai biya? Mu sake ɗaga waya mu kira wanda ke aikin gini a Makka cikin rana muce a sake turowa? Famfon hannu na ƙauyen kudu me ya kashe shi, ba wani babban abu bane, roba ce da sanda, amma da yake ba asusu ba mai alhaki shekara nawa yana tsaye. Ga albashin Baba, ga mai gadi, ga kilorin, ga gas na ranar hadari. Liman ya kama min yace jama'a da ruwan ciki ake jan na rijiya, a nan aka ɗan sassauto.

Sai rigima ta biyu, wadda ta fi min ciwo. Wasu samari suka ce to a biya, amma 'yan gari su biya kaɗan baƙi su biya da yawa, ƙauyen gabas da na kudu da makiyaya tunda basu sa ko jine ɗaya na kuɗin Sudan ba. Shehun ƙauyen gabas na zaune a wajen, dattijo, bai tanka ba. Kawuna ne ya tashi yace ku yara baku san shekarar da injin nan ya mutu wata biyu ba, hafir ɗin mutanen nan muka sha kuma ba wanda ya tambaye mu ko sisi. Ni kuma abin da na ƙara shine lissafi ne ma ba kara kaɗai ba, donkin nan da kuɗin garinmu kaɗai bazai riƙe kansa ba, garken makiyayi ɗaya da rani yana kawo abin da unguwa guda bata kawowa. Kuma in ka tsauwala wa na kudu ya koma tafki, cutar da zai ɗauko a kasuwarmu zai zo ya zauna da ita ranar kasuwa, kwalara bata tambayar ɗan wane ƙauye ne.

Abin da aka tsaya a kai: kuɗin jarka ya sauka zuwa rabin na da, kuma ɗaya ne ga kowa, ɗan gari da baƙo. Dabbobi ana biya da kai, a kwamin da ke waje ba a famfon mutane ba. Makarantar allo da masallaci da ɗakin shan magani basa biya. Gidajen marayu da 'yan gudun hijirar da basu da komai shehun kowace unguwa zai kawo sunayensu a basu kati. Ƙauyukan biyu kowanne zai bada mutum ɗaya ya shiga lajna, da mata biyu, dan su ke tsayuwa a layi su suka san abin da ke faruwa a bakin famfo. Kuɗi kuma kashi uku, na albashi da kilorin, na gas, da na gyara wanda ba a taɓa shi sai da sa hannun mutum uku. Duk Juma'ar ƙarshen wata a karanta lissafi a ƙofar masallaci.

Masu karo sun zo da nasu kukan, wai in ruwa yayi arha kuma aka ja bututu sana'arsu ta mutu. An basu bututun cika barmil, wato duro, nasu daban da sassafe daga ruwan da ya kwana a tanki, da sharaɗin ba mai haɗa ruwan kogi da na donki a barmil ɗaya, wanda aka kama an hana shi layi. Barmil lita 200 ne, jarka goma kenan, an sa musu kuɗin takwas dan su samu na abincin jaki.

20 ga Mayu

Farkon watan nan aka bugi rumbunan mai a Bur Sudan, gas ya sake ɓacewa, masu lori na kwana a layi. Donki bai tsaya ba ko yini ɗaya. Masu cewa da an bar kuɗin an sayi gas na shekara yanzu sun yi shiru.

Matsalarmu ƙura ce. Guguwa ɗaya in ta taso allunan sai su koma ja, ruwan da ke hawa ya ragu ka gani da idonka a bakin bututu. An sa yara biyu suna wankewa da asuba kafin gilashin yayi zafi, da tsumma mai laushi da ruwa zalla, ba omo ba soso. Ana basu ɗan wani abu daga asusu.

Layi ma yayi tsawo dan hafir na gabas ya ƙafe tun watan jiya. Tanki na ƙarewa kafin isha, sai muka mayar da shayar da dabbobi tsakar rana lokacin da tulumba ke kan ƙarfinta. Makiyaya basu so ba, sun fi son yamma, amma sun bi.

14 ga Yuni

Kuɗin bututu sun cika da abin da aka turo lokacin babbar sallah, Allah ya karɓi aikin hajjin waɗanda suka yi ya saka wa kowa. Mutanen kudu da kansu suka haƙa ramin, mu muka kai musu abinci. Baƙin bututun roba mai naɗi aka saya ba farin mai ƙarfi ba, dan shi yana lanƙwasa in laka ta motsa, kuma an shimfiɗa yashi ƙasa da sama kafin a rufe. Tsere muke da ruwan sama, in ya sauka ba motar da zata shigo.

Ruwan ya isa amma da rauni, ƙasar shimfiɗe take kuma tsayin tanki mita 10 ba wani matsi mai yawa yake bayarwa ba a wannan nisan. In famfunan gari na buɗe na kudu sai ɗigo. Dan haka an raba lokaci, daga azahar zuwa la'asar ana rufe rabin na gari a sakar musu. An sa mita a bakin layin nasu, abin da ta nuna shi suke biya a wata.

16 ga Agusta

Damina ta zauna, Rahad ya cika, hanyar Hawata ta yanke sai tarakta. Kwanakin da hadari ya rufe tun safe tulumba na ja kamar bata so, sau da yawa sai an tada janareta awa biyu da yamma. Gas ɗin da aka ajiye tun Yuni shi ke ceton mu.

Abin da ke damuna shine kuɗin shiga ya faɗi ƙasa warwas. Makiyaya sun tafi filayen kiwo na Butana, mutane na tarar ruwan indararo, waɗanda ke kwana a gona kuma kogi suke sha. Ruwan kogin yanzu jajir yake da laka, mata na sa alif ko dakakken ƙwallon zogale ya kwanta, to yana washewa amma washewa ba tsarki bane daga cuta, sai an sa kilorin bayan ya kwanta ko a tafasa, kuma in aka sa kilorin cikin mai laka baya aiki yadda ya kamata. Matan lajna suna bi gida gida da wannan bayanin, da na haɗin gishiri da sukari, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a fara ba mai gudawa tun a gida kafin a ɗauke shi.

Watan nan albashin Baba bai fito daga kasonsa ba. An kawo shawarar a ɗiba daga asusun gyara, na ƙi, mutum biyu suka goya min baya, a ƙarshe 'yan lajna muka haɗa daga aljihu aka cika masa. Wasu sun ji haushina, amma in aka buɗe asusun nan sau ɗaya dan abin da ba gyara ba, ba zai sake rufuwa ba.

Wani gida kuma sun fara haƙa masai kusa da shingen rijiya, umda ya tsayar, an nuna musu wani waje da ya wuce mita 30.

Juma'a, 31 ga Oktoba

An karanta lissafi yau. An yanke riɗi, kuɗi sun ɗan shigo hannun mutane, masu bashi da yawa sun biya, ƙauyen kudu sun biya na wata uku da suka makara. Asusun gyara ba a taɓa shi ba, amma abin da ke ciki bai kai rabin kuɗin sabuwar tulumba ba, dan haka maganar a ƙara rage kuɗin jarka da aka sake tadawa an ajiye ta sai bayan rani.

Bututun kudu ya tsage waje ɗaya inda ya ratsa kwari, laka ta ja mahaɗin, an gyara da kayan da suka rage. Baba ya fara koya wa yaro ɗaya daga gabas da ɗaya daga cikin gari karanta inbata da sa kilorin, yace idonsa ya fara gajiya da ƙananan lambobi.

Saura hafir na gabas. Ya cika da laka har ruwan da yake riƙewa ya ragu sosai, shi yasa yake ƙafewa da wuri duk nauyin ya dawo kan rijiya ɗaya, kuma shingensa ya faɗi dabbobi na shiga har ciki. Yasar sa ba aikin hannu bane sai loda, motar kwasar ƙasa, mun rubuta takarda zuwa mahaliyya, wato ƙaramar hukuma, da hukumar ruwa da sa hannun umda da shehunan ƙauyuka uku, ranar Lahadi za a kai. In an samu motar, gas ɗinta a kanmu yake, kuma dole a yi shi tsakanin Afrilu da Mayu lokacin da ya bushe. 'Yan uwa na Saudiyya, hoton shafukan daftarin duka na wajen wakilinku na Jidda, duk wanda ya ga lambar da bata zauna masa ba ya tambaya kafin zaman ƙarshen Nuwamba.